Matattun ƙwayayen lantarki na Inna

Shekarun da na yi a Rasha, a kan ƙarfe ɗaya na ƙarar da su: tangistin, wanda wutar maƙera ba ta narkarwa. Idan zallansa ne, a sanyi karyewa yake kamar busasshen kara. A gauraya masa wani ƙarfe, riniyom, sai ya yarda ya lanƙwasa, ƙarfinsa na nan. Abin da ke sa haka shi nake bincike a kai.

Na dawo Khartoum, jami'a ta ba ni ofis da fanka, aka ce tanderun gwaji yana hanya. Hanyar Allah! Abokan aiki kuwa, da na ɗauko zancen sai su duba agogo. Na daina. Nakan sha shayina ni kaɗai, in tsallaka gada in koma Umdurman, raina a ɓace.

Inna ce kaɗai ta taɓa tambayata me nake yi. Tana gashin kisra, burodin nan namu mai falle-falle, na ce cikin ƙarfe ma falle-falle ne jere. Idan suka zame kan juna ya lanƙwasa, idan suka ƙi ya karye, gaurayen ne ke sauya zamewar. Ta ce ina ake ganin wannan ƙarfen nawa? Na nuna mata siririyar wayar da ke cikin ƙwan lantarki.

Shi ke nan, ta bi maƙwabta gida-gida, duk wanda ƙwansa ya mutu ya kawo, ɗanta na aiki da su. Na gaya mata ba haka ake yi ba, ta ce abin da aka ajiye ba ya ɓata. Idan na yi ƙorafin tanderun, sai ta ce in dai ya iso ba zan rasa kayan aiki ba. Wallahi saboda wannan maganar na ƙi aikin da aka yi mini tayi a Jidda.

Tanderu bai zo ba har ta rasu. Bayan kwanakin zaman makoki na jawo kwali daga ƙarƙashin gadonta, cike da ƙwayaye, kowanne naɗe da tsumma don kada ya fashe. Ina tsugune a gabansa wata tsohuwar maƙwabciya ta yi sallama, ta miƙo mini wani mataccen ƙwan.

"Ta ce kada mu daina tara maka, Dakta."

Na karɓa da hannu biyu, na nemi tsumma.