Inda Yaya Yake Sauka Daga Keke

Yayana mai faci ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a gindin gada, ƙarƙashin wata rumfa mai kwano huɗu, daga shi sai daron ruwa, famfo, gwangwanin gam da tsofaffin tayoyi rataye a ƙusa. Duk kwarin nan Mai Faci ake kiransa. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta, ko da yake jikokina uku yanzu. Ɗinki nake yi, shagona yana kallon rumfarsa, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a kan idona aka yi shi.

Mutum ne mai haƙurin da ke ba ni haushi. Sai ka kawo masa tayar da ko a bola ba mai ɗauka, ya zare robar ciki, ya tsoma a ruwa, ya bi ta a hankali yana jiran kumfa. Ya goge, ya kankare, ya shafa gam, ya hura da baki, ya manna, ya danne da babban yatsa kamar mai lallashin jariri. In ka ce kana sauri sai ya ce, "Ai saurin ne ya kawo ka nan."

Kullum bayan la'asar yakan rufe rumfa ya hau baƙin kekensa mai sanda, wanda ya girmi ɗana na fari, ya zagaya kwarin. Kwarin namu dogo ne, kogi ya raba shi biyu. Yakan fara da babban masallaci mai hasumiya a kan tudu, ya gangaro ya ƙetare gada zuwa cocin dutse, ya gaisa da tsohon da ke kaɗa ƙararrawa, su yi ta gardamar wanda gwiwarsa ta fi ciwo. Daga nan ya bi ta bakin kogon da ake cewa wani bawan Allah ya yi shekaru yana ibada a ciki. Sai a ƙarshe ya biyo ta ƙaramin masallacin bakin ruwa, ɗaki ɗaya ne tal, sahu uku ba ya ci. A bayansa akwai makabarta. Nan Innarmu take, nan matar Yaya take.

To ga abin da kowa ya san shi da shi. Da ya iso wata tsamiya kafin masallacin, sai ya sauka, ya riƙa tura keken har ya wuce kabari na ƙarshe, tafiyar kamar minti goma a ƙafa. Tun ranar da aka kai Inna ya fara. Ya ce, "Hanyar da aka bi da Inna a kafaɗa, ni ba zan bi ta a kan sirdi ba." Ba wanda ya sa shi. Liman ma ya taɓa ce masa addini bai ɗora masa wannan ba, ya ce ya sani. Abin takaicin kuma, wannan yankin ya fi ko'ina kyau a duk kwarin. Tsohuwar kwalta ce sumul, babu rami ko ɗaya, don manyan motoci ba sa bi.

Kogin ne matsalar. Duk damina sai ya gutsiri gaɓa. Yaya yakan auna da takunsa daga kabarin Inna zuwa bakin ruwa. Da taku arba'in ne, ya dawo ashirin da biyar, ya dawo sha huɗu. Ya cika buhuna da yashi ya jera, ruwa ya kwashe, ya sake jerawa. Na ce masa, "Yaya, kana zuba ruwa a kwando ne." Ya ce in ina da abin da ya fi buhu in kawo.

Ana cikin haka masu keken birni suka gano mu. Ranar Asabar sai ka gan su garke guda, da hular kwano da tabarau, da kaya ɗamamme kamar a jikinsu aka ɗinka. Ni da nake ɗinki sai da kunya ta kama ni a madadin telansu. Kekunansu da yatsa biyu za ka ɗaga, tayoyin kuwa siraran nan kamar igiyar shanya. Bayan su sai ga wata ƙungiya da albishir. Wai za a fitar da hanyar keke ta musamman wadda za ta bi ta wuraren ibada na kwarin, a kafa alluna, baƙi su riƙa zuwa. Duk wurin ibadar da ya faɗo a kan hanyar za a gyara shi, wanda ke bakin ruwa kuma a gina masa katangar dutse.

Katangar dutse! Ranar Yaya ya shigo shagona, abin da bai saba ba, ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana murmushi shi kaɗai. Ya ce, "Auta, Allah ya kawo wanda ya fi buhu."

Wanda suka turo ya fitar da hanyar wani ne mai gilashi, mai ladabi, ba ya wuce ka bai gaishe ka ba. Mai Taswira muka sa masa. Kowa ya tambaya sai a ce masa ya je wurin Mai Faci. Ya zo ya ɗaura wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana a kan keken Yaya, ya ce ita za ta rubuta duk inda aka bi.

"Baba, ka bi yadda ka saba kawai," in ji shi. "Kada ka canza komai. Kwana uku a jere."

Yaya kuwa in ka ce masa kada ya canza komai, ka gama magana. Ya wanke keken, ya zuba wa kaca mai, ya sa rigarsa ta fita. Kwana uku yana zagayawa da abin nan, ko facin mutane bai yi ba.

Bayan wata biyu aka kafa babban allo a gindin gada, daidai kusa da rumfarsa. Duk muka taru. Ga koren layi ya taso daga babban masallaci, ya ƙetare gada, ya biya coci, ya biya kogo. Da ya iso tsamiya sai ya karkata ya haye hanyar tudu. Ƙaramin masallacin ko alamarsa babu. A ƙasan allon an jera sunayen waɗanda suka yi aikin, na duba sau biyu, babu na Yaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi ko a jikinsa, sunan bai dame shi ba. Yatsa ya ɗora a inda masallacin ya kamata ya kasance, ya daɗe bai ɗauke ba.

Washegari na rufe shago na bi shi ofishinsu, don na san in ya je shi kaɗai godiya zai yi musu ya dawo. Ɗaki ne mai sanyi, da kekuna biyu rataye a bango kamar hoto. Mai Taswira ya ba mu kujeru, ya juyo mana da kwamfutarsa. Ya ce na'urar gudu take aunawa. Inda keke ya yi gudu, hanya mai kyau ce, sai ta nuna kore. Inda ya koma tafiyar ƙafa, yashi ne ko ramuka, sai ta nuna ja.

"Ka gani, Baba? Daga tsamiyar nan ja ne. Sau uku ka bi, sau uku ja. Kekunan baƙinmu ba za su iya ba."

"Sauka nake yi a wurin," in ji Yaya.

"To ai shi ne, Baba."

"Ba don hanya ba. Mahaifiyata ce a kwance a wurin."

Mai Taswira ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce, "Ayya. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba ka tambaya ba, ɗana. Cewa ka yi in bi yadda na saba."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Kai malam, ba ka da ƙafa ne? Wata biyu kana zana hanyar da ko sau ɗaya ba ka taka ba? Kwalin ashana ka tambaya, ga mutum da bakinsa a gabanka!" Yaya ya ce, "Auta." Na ce a bar ni, ai ba shi kaɗai Inna ta haifa ba.

Mai Taswira bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya ce akwai mafita. A sake aunawa ranar Asabar, in ta nuna kore zai kai wa kwamiti. Na ce to shi ya hau, ko a samo wani. Ya ce ba zai yiwu ba, da keken Yaya da ƙafar Yaya aka auna sauran kwarin, in an canza mahayi sai an sake komai daga farko, kuma babu lokaci. Dole shi ɗin ne, kuma dole da gudu.

Kwana biyu Yaya bai ci abin kirki ba. Ranar Juma'a da yamma ya je ya daɗe tsugune a gaban kabarin Inna. Ban tambaye shi abin da ya faɗa ba.

Asabar da hantsi ina tsaye a gindin tsamiya, ni da Mai Taswira. Sai ga Yaya ya taho. Daidai inda ya saba matsa birki na ga yatsunsa sun kai, sai ya janye su. Ya sunkuyar da kai ya taka feda kamar wanda aka biyo. Tsoho mai shekara sittin da biyu, rigarsa ta cika da iska, ya wuce masallaci, ya wuce Inna, ya wuce matarsa, bai waiwaya ba. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya irin gudun nan ba.

Mai Taswira ya duba wayarsa, inda na'urar ke turo masa sakamako, har da tafi. "Kai! Kore shar! Baba, ashe nan ce hanyar da ta fi kowacce kyau!" Yaya yana can ƙarshen makabarta ya kifa goshi a kan keken, bai dawo ba sai da muka je muka same shi.

Bayan mako biyu amsa ta zo. Kwamiti ya gani, ya kuma yaba. Sai dai an riga an buga alluna da taswirori, duwatsun ma an riga an raba su. Na ga inda suka tafi. An yi wa kogo matakala da wurin tsayawa ɗaukar hoto. An zagaye babban masallaci da katanga, masallacin da ke kan tudu, wanda ko kogin ya haukace ba zai kai gare shi ba. Namu kuma wai sai zagaye na biyu, in Allah ya yarda.

Kogi bai san zagaye na biyu ba. A daminar nan aka yi kwana uku ana ruwa, ranar Talata da tsakar rana gaɓar ta rufta. Bangon masallacin na baya ya tafi, sahun farko na kaburbura ya bi shi. Maza suka fito da shebur, har tsohon mai ƙararrawa da gwiwarsa, aka kwashe waɗanda aka iya aka mayar tudu. An samu matar Yaya. Inna kam ruwa ya riga mu.

Na yi kuka, na yi zagi, na ce sai na je na farfasa allon nan da guduma. Bayan kwanaki Yaya yana zaune yana bin wata roba a cikin daro. Bai ɗago ba ya ce, "Auta, ruwa na Allah ne, ban ƙullace shi ba. Amma da na san ba za ta yi amfani ba, da ban hau ba."

Har yau yana gindin gada yana faci, allon yana yi masa inuwa da safe. Masu keken birni sun ƙaru, suna tsayawa su yi hoto da rumfarsa. Har yau kuma yana zagayensa bayan la'asar, yana sauka a tsamiya, ya tura keken a kan guntuwar kwaltar da ta rage, gefen wurin da yanzu babu komai sai ruwa.

Asabar ɗin da ta wuce na raka shi. Muna tafe yana turawa sai wani daga cikin masu keken birni ya hango mu daga hanyar tudu, ya gangaro da famfonsa a hannu. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Ya durƙusa ya matsa tayar gaba, ya matsa ta baya, ya ɗago yana dariya.

"Baba, ai da iskarka! Ga hanya sumul, hau abinka mana."

Yaya ya dube shi, ya dubi ruwan.

"Na taɓa hawa, ɗana," ya ce, ya ci gaba da turawa.