Bala Ya Iso?

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana. Ni ban iya rubutu ba; faɗa nake yi, autata Hauwa tana sa wa a takarda, nan gidanmu na unguwar Utaibiyya, a ƙasa mai tsarki. Na ce mata ko na yi kuka kada ta ajiye alƙalami.

Ku yi mini afuwa, ba yabon Malam kaɗai ya kawo ni ba. Kishi nake yi. Ba na wata mace ba, don bai taɓa ɗaga ido ya kalli wata ba. Kishin kwana ashirin ne da ban samu rabo a cikinsu ba.

Bayan an gama yaƙin duniya, shi da abokansa biyar suka ce za su ziyarci Madina a kan keke. Unguwa ta ce sun zautu. Ni na haɗa guzurin dabino da busasshiyar gurasa, ni na ɗaura masa salka. Da suka tashi bai waiwayo ba, yana ta tsokanar Bala tela, wanda tun ba su bar unguwa ba ya fara haki.

Ya dawo baƙi ƙirin, a rame, da wata fara'a da ban san shi da ita ba. Mutumin da kan wuni a gida bai yi magana goma ba! Amma su shidan nan su haɗu a dakalinmu bayan la'asar, sai ka ji shi yana ƙyaƙyatawa suna tuna tafiyar: yadda suke hawa da asuba su fake rumfar mai gahawa in rana ta take, ranar da faci ya ƙare suka cusa wa taya tsumma. Ni ina bayan labule da butar shayi.

Dokarsu ɗaya ce a hanya: ba mai sa hannu a abinci sai na ƙarshe ya iso. Na ƙarshen kuwa kullum Bala ne. Wai wani zai ce, "Ya shaikh, waken nan ya sandare, mu ci mu rage masa." Malam ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ba a ci."

Ya taɓa yin leburanci wajen masu haƙar mai can gabas, ya ga Amurkawa suna wani wasa: a jefo ƙwallo, mutum ya maka mata sanda, ya zaga fili da gudu. Wasan ya shiga ransa har ya tsufa. Yakan ce duk gudun da ka yi ba a ƙirga maka komai sai ka dawo inda ka tashi. Na taɓa ce masa, "To Malam, kai ka dawo, ko kana can hanyar Madina?" Ya ce, "Ke dai ba ki rabo da magana." Amsar ke nan.

Kwana bakwai ina jinyarsa. Ranar ƙarshe da hantsi na kawo kunu, na tallafo kansa, ya kawar da baki ya ce, "Bala ya iso?" Bala yana shagonsa yana ɗinki. Shekara talatin da biyu muna tare, maganarsa ta ƙarshe ba tawa ba ce. Na yafe masa komai, amma wannan tana nan tana ci na.

Yanzu an shimfiɗa kwalta, mota tana kai mutum Madina bai san sunan na kusa da shi ba. Da Malam yana nan, na san cewa zai yi an je, amma ba a yi tafiya ba. Kekensa na rataye a zaure, tsatsa ta ci shi, na hana a sayar, kuma ba na son ganinsa.

Abin da ya bari da bai yi tsatsa ba shi ne dokar nan. A gidana ba a buɗe kwano sai kowa ya shigo. Jikoki suna tsammanin tawa ce, ban gyara musu ba.

Abokan nan sun tafi ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙansu. Bala ne na ƙarshe, kamar kullum. Bara aka yi masa sallah a Harami. Ya iso ke nan, shida sun cika. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Hauwa, rubuta wannan da kyau. Malam, ban taɓa roƙonka komai ba. Ina hanya, a ƙasa nake, ba ni da keke. In sun ce a fara, ka ce halas, ba a ci.