Hular da Na Kifa wa Majigi

Duk gabashin Kano, daga Gaya har ƙarshen ƙasar Ajingi, ba a yi mutumin da ya iya tara jama'a da baki kamata ba. A je a tambaya. Idan na tsaya a bakin kasuwa na yi gyaran murya, mai awon gero yakan bar mudu a cike ya taho, jakuna su daina kuka, har kurman nan mai ɗinkin takalma sai ya matso don kada a ba shi labari. Shi ya sa da motar majigi ta fara zagayo ƙasarmu, can wajen ƙarshen shekarun sittin, ba a tsaya wata shawara ba, ni aka miƙa wa lasifika. Aikina in tsaya a gefen farin ƙyalle ina bayyana wa mutane abin da hoto yake nufi. Da wannan bakin ne kuma na kori gari guda daga allurar ƙyanda, har da 'yar cikina.

Abin daga Kano ya samo asali. Na bi motar gyaɗa da kaka, na shiga silima karo na farko. Kafin a sa fim ɗin ranar, sai aka nuna ɗanɗanon wanda za a kawo mako mai zuwa. Bai kai tsawon alwala ba. Hoto ya riƙa tafiya a wani dogon lungu, sannu sannu, kamar mai sanɗa. Ga wata mata zaune ta ba mu baya, mu mun san ana kallonta, ita ba ta sani ba. Da ta juyo, haske daga ƙasa yake dukan fuskarta, rabi a bayyane, rabi cikin duhu. Babu kiɗa, sai wani bugu can ƙasa kamar na zuciya. Bugun ya tsaya. Mariƙin ƙofa ya fara juyawa. Sai allo ya yi baƙi.

Fim ɗin da na shiga dominsa, yau ko za a yanka ni ban san labarinsa ba. Amma ƙofar nan ta biyo ni har Ajingi. Ina huɗa ina tunaninta, ina cin tuwo ina tunaninta. Na ce wa kaina na gano sirrin: abin da aka ɓoye wa mutum ya fi jan sa a kan abin da aka nuna masa.

Da bazara motar majigi ta zo da fim ɗin allura, za ta kwana biyu, domin masu allura za su iso ranar kasuwa. Na san fim ɗin, na yi bayaninsa a Gaya. Uwa ta kawo yaro, wani mai farar riga ya ɗauko abu kamar 'yar bindiga ya danna masa a damtse, yaro ya yi kuka, can ya ware yana dariya yana bin akuya. Kiɗan garaya ne a ƙarƙashi tun daga farko har ƙarshe. Matsalar ita ce mutanenmu da an gama nuna kokawa sai su naɗe tabarma, a bar ni ina yi wa karnuka wa'azin lafiya.

Na sami mai injin majigin, wani siririn mutum da maganarsa ta yini ba ta cika cokali, na faɗa masa dabarata. Daren farko ɗanɗano kawai za mu ba su, dare na biyu sai gari ya fashe. Ya ce fim na hukuma ne, almakashi ba zai taɓa shi ba. Na ce ba na bukatar almakashi, hulata ta isa. Ya dube ni, ya dubi hular, ya ɗaga kafaɗa.

Bayan sallar isha'i fili ya cika, maza a gaba, mata can baya. Da aka zo kan fim ɗin allura na sa ya kashe garayar. Na ajiye fitilar ƙwai a ƙasa tsakanin ƙafafuna, yadda haske zai doki haɓata ya bar idanuna cikin rami. Na riƙa ƙwanƙwasa bakin abin magana da ɗan yatsa, dum, dum, dum, lasifika tana kai shi har bayan gari. Na rage murya kamar mai ba da labarin rasuwa. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan kam zan iya rantsuwa. Cewa kawai nake: ga yaro, ga uwarsa, ga mutumin ya matso. Idon yaron ya cika ƙyallen. Bindigar ta doso damtse. Na tsayar da bugun. Yaron ya wangame baki, ba a ji sautin komai ba, kansa ya langaɓe a kafaɗar uwar. Nan na miƙa hannu na kifa hulata a idon majigi.

Duhu ya rufe fili. Na ce wanda yake son sanin abin da ya sami yaron nan, mu haɗu gobe.

Na jira shewa, ban ji ba. Ko tari babu. Can daga wajen mata wata murya ta ce, “Malam, yaron ya tashi?”

Ni kuwa kaina ya kumbura har ya fi ƙarfin hular da na cire. Na ce, “Allah ne masani. Sai gobe.”

Sai da na je gida na san muryar wace ce. Surukata ce. A ranar ta zo daga ƙauyensu Balan don ta ɗauki 'yarmu ta tafi da ita yaye. Da asuba ta goya yarinyar ta kama hanya, ta bar wa matata saƙo: muddin tana numfashi, ba mai ɗora wa jikarta wannan ƙarfe.

Goben da na yi alkawari kuma ba ta zo ba. Da hantsi mai inji ya gwada kayansa, ya tarar ƙwan majigin ya ƙone, babu wani. Kafin azahar motar ta koma Gaya. Na shiga gari da bakina, zaure zaure, ina rantsuwa yaron ya tashi, har akuya ya bi. Mutanenmu ba wawaye ba ne. Wani dattijo ya tambaye ni a hankali: in da ya tashi, me ya sa na rufe? Na ce don su dawo ne. Ya ce to shi a iya saninsa, abin da ake rufewa da sauri ba alheri ba ne. Sauran suka gyaɗa kai. Yau ni ne ake saurara ana kallon ƙasa.

Ranar kasuwa masu allura suka kafa tebur a gindin tsamiya. Kasuwa ta cika maƙil, amma ka rantse an hana haihuwa a ƙasar shekara biyar, ba goyo ko ɗaya. Suka zauna suna korar ƙuda. A lokacin kuwa ƙyanda ta riga ta shigo ƙauyukan kewaye, kullum sai an ji. Ni na san ta. Damina biyu kafin nan ita ta ɗauke mana ɗan farinmu, kwana tara ina riƙe da shi yana zafi kamar garwashi. A kan wannan ba ni da abin dariya.

Babban masu allurar ya gaya mini gobe suna Balan har azahar, daga nan sai wata ƙasar, bai kuma san ranar dawowa ba. Na shiga gida. Matata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye mini fura, ta koma bakin murhu ta juya baya, ta ce, “Malam, ita kaɗai ta rage mana.”

Ban sha furar ba. Na hau keke na nufi Gaya da rana tsaka. Yashin hanyar nan, rabi ni na hau keke, rabi keke ya hau ni. Na tarar da mai inji a tsakar gidan da ake ajiye motar, ya baje majigi gunduwa gunduwa a kan tabarma. Na roƙe shi ya zo Balan, ya ce da wane ƙwai, sai an aiko daga Kano. Na ce ya ba ni naɗin fim ɗin gaba ɗaya, ya ce in kai wa wa, in nuna da me. Na yi masa kirari, na yi masa barkwanci, bai ɗago ba. Daga ƙarshe barkwancin ya ƙare mini, na durƙusa a gabansa, ƙato da ni, na faɗa masa zancen ɗana da 'yata.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya jawo wani gwangwani inda yake tara guntayen fim da inji ya tsinka. Ya daɗe yana ɗaga su ɗaya ɗaya yana dubawa a sararin sama. Can ya miƙo mini wani, tsawon kamu ɗaya. Na ɗaga. Hotuna ne jere, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba. Ga yaron nan tsaye, baki har kunne, hannunsa a wuyan akuya.

Na kwana a Gaya, gari na wayewa na kama hanyar Balan, guntun fim a cikin hular da ta jawo mini wannan masifa.

To, ga inda bakina ya mutu. Suruka ba abokiyar wasa ba ce. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ban taɓa ci a gabanta ba, magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa. A hanya na shirya jawabi kala arba'in, amma duk na tsaye ne, masu bukatar hannu da ido da murya. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na tsuguna a ƙofar ɗakinta, asabari a sake tsakaninmu. Muka gaisa, gaisuwar da ba a gajarta ta: gida, gajiya, zafi, mutanen Ajingi ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa ina satar kallon inuwar katanga tana janyewa. Ina jin 'yata a ciki tana wasa da ludayi.

Da na kawo zancen, ba ta bari na kai ƙarshe ba.

“Ɗan nan, wancan Allah ne ya karɓa, na haƙura. Wannan ba zan miƙa ta da hannuna ba. Na gani da idona.”

“Inna, ba a ga ƙarshen ba.”

“Wa ya hana a gani?”

Na ciro guntun fim ɗin, na tura shi ta ƙarƙashin asabari. Na ce, “Inna, a ɗaga wa rana.”

Ba na ganin komai sai yatsun ƙafarta ta ƙasan asabari. Na ji ta matsa wajen 'yar tagar ɗakin. A maƙwabta wata tana daka, dum, dum, dum, sai kuma ta tsaya. A tsugune a wurin na ɗanɗani abin da na ɗura wa mutanen Ajingi, ni kuma ba wanda ya yi mini alkawarin gobe. Gumi yana bin gemuna yana ɗiga a ƙasa. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban haddace daidai ba.

“Shi ne yaron?”

“Shi ne, Inna. A dubi layar wuyansa.”

Sai ta ɗaga murya ta kira maƙwabciyarta, waccan ta kira wata. Na sunkuyar da kai ina jin guntun fim yana yawo hannu zuwa hannu, ana cewa ga akuyar, ga haƙoransa. Can asabari ya ɗaga. Ta wuce ta gabana da yarinyar a goye, ko kallona ba ta yi ba, mata huɗu na biye da ita da nasu goyon. Na bi su daga nesa, takalmi a hannu.

Mun tarar an fara naɗe kaya. Aka kwance. Aka danna wa 'yata a damtse, ta tsala ihu ɗaya, wata ta miƙa mata ƙuli-ƙuli, ta karɓa tana ajiyar zuciya. Shi ke nan abin. Na zauna a kan tushen bishiya.

Da numfashina ya dawo, halina ma ya dawo. Na fara gaya wa babban masu allurar yadda na ratsa yashin Gaya, yadda na shawo kan mata biyar da hikima, har na soma cewa duk gabashin Kano. Surukata tana gyara goyo. Ta zaro guntun fim ɗin daga bakin zaninta, ta ajiye a kan sirdin kekena, fuskarta a wani gefen.

“Ɗan nan, ungo 'yar robarka. Ba ta da baki, amma ta fi ka iya magana.”