Ranar da na kori barewar ƙanena

Ni ne babba a ɗakinmu, amma ƙanena ne mai kunne. Haka Baba yake faɗa, a gabana kuma, ko sakayawa ba ya yi. Baba maharbi ne a wani ƙauye kusa da Guci, tun ana ganin barewa a dajin da yanzu ya koma gonakin hatsi da gyaɗa. Ni an kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Magaria, jarrabawa ta kayar da ni, na dawo gida da gemu ya fara tsiro. Na tarar ƙanena ya riga ya zama ɗan hannun daman Baba.

Namijin barewa yana da murya biyu, kuma duka Baba ya iya su. Lokacin barbara yakan yi wani gurnani ƙasa-ƙasa daga maƙogwaro, yana sanar da sauran maza cewa nan wurinsa ne. In maharbi ya rufe hanci da tafin hannu ya kwaikwayi wannan, namijin da ke kusa sai ya taho a fusace neman wanda ya shigo masa. Ta biyun ta tsoro ce: ya fyace iska ta hanci sau ɗaya, fyat, ya buga ƙafa. Duk barewar da ta ji wannan, ko ƙurarta ba ka gani.

Shekara biyu ina koyon gurnanin nan. In na yi, Baba ya ce kamar bunsuru mai mura. In ƙanena ya yi, sai Baba ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Wallahi a lokacin nakan ji kamar in shaƙe yaron. Har bayan rumbu nake zuwa in yi ta gwadawa, maƙogwarona ya yi ciwo, kaji su taru suna kallona.

Da idon Baba ya fara rauni, ya ce bindigarsa ta wanda ya kira masa namiji har inda harbi zai kai ce. Kowa a gidan ya san wa ake nufi. Inna ma ta ce in haƙura, ai ni na iya karatun takarda. Takardar me? Ni bindigar nake so, kuma fiye da ita, ina so Baba ya lumshe mini ido sau ɗaya.

Bayan an gama yankan hatsi muka fita mu uku da sassafe, muka laɓe cikin sabara, iska na bugo mu ta fuska. Baba ya ce ni in fara kira, don ni ne babba. Na yi har sau uku, daji shiru. Ya taɓa ƙanena. Bai yi na biyu ba aka amsa masa daga bayan wani tudu. Sai ga namijin ya fito, ja, wuya a miƙe, ƙaho a baya, yana tafe yana tsayawa. Ban taɓa ganin dabba mai kyau haka ba. Na dubi Baba, na ga ya ɗora hannu a kafaɗar ƙanena yana murmushi.

Ina can baya da su kaɗan. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na juya fuska gefe, na fyace iska ta hanci, na daki ƙasa da tafin hannu. Namijin ya yi tsalle ɗaya ya ɓace.

Ƙanena ya ce lalle wata macen barewa ce ta hango mu ta baya. Har haƙuri ya riƙa ba Baba. Ni kuwa daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, daɗi har cikin ƙashina.

A hanyar gida ƙanena ya yi gaba da gora. Baba ya rage sauri har na iso shi. Bai dube ni ba.

"Shekara biyu ina koya maka kira, ashe kora ce a bakinka," in ji shi. "Ko ni sai da na waiga ina neman barewar. Ban taɓa jin wanda ya yi ta haka ba."

Yabon da na yi shekara biyu ina nema ke nan, kuma shi kaɗai na taɓa samu daga bakinsa. Bai tona ni ba. Da maraice ya miƙa wa ƙanena bindigar, ya ce kira ai ya kira. Daga ranar bai sake cewa in bi su daji ba, har ya rasu.

Ƙanena yanzu yana da jikoki. In an zauna hira yakan ba da labarin macen barewar da ta ɓata masa harbinsa na fari, ya juyo ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, Yaya?" Nakan ce haka aka yi.