Mai Yawo da Baƙi a Maourey

Daga rumfarta ta atamfofi a Maourey, Kande tana kallon wani dattijo siriri yana tafe da Turawa biyu, yana nuna musu tsofaffin gidajen unguwar. Bakinsa na zuba labari da Faransanci, amma idonsa na kan titi. Duk moton da ya wuce sai ya waiwaya.

Can wani babur ya tsaya dab da su, mutum biyu a kai, fuska naɗe da rawani. Dattijon ya sha gaban baƙinsa, ya ware hannuwa.

"Baba, ina hanyar Boukoki?" in ji matuƙin.

Ya nuna musu, suka wuce.

Kande ta ce a ranta, wannan bawan Allah ya taɓa fita da baƙo, masu moto suka sace baƙon, ya koma gida shi kaɗai.