Nas ɗin da ta ƙwace min nono

Jama'a, yau a adaidaita sahu na ji muryar da rabona da ita tun ina da ƙuruciya.

Na hau daga Gyadi-Gyadi zan je Tarauni, sai 'yata Walida ta kira ni ta bidiyo. Suna hutu a Turkiyya da mijinta, ga ta da cikin wata biyar. Ta haska min farantinta: nama da sauran ja a tsakiya, da cuku mai laushi.

"Umma, in ci? Yunwa nake ji."

Kafin in buɗe baki, wata dattijuwa da ke gefena ta leƙo wayar.

"Ajiye cokalin nan. Su mayar da naman wuta ya dahu har ciki. Cukun kuwa, in ba su tabbatar an dafa madararsa ba, bar wa maigidan."

Walida ta ture farantin.

Ni kuwa nan take na gane ta. Nas ɗin da take yi mana awo ce lokacin da nake da cikin Walida. Da wannan muryar ta ƙwace min kwanon ɗanyen nono, muna jere a benci kowa da katinta.

Na ce, "Sista, yarinyar nan fa ke kika karɓi haihuwarta."

Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon fuskar da ke wayar.

"To, uwarki ma kwaɗayayya ce. Kira mai abincin, ina nan har a kawo."

Muka wuce layin da ta ce a sauke ta, ba ta sauka ba.