Bindigar Igiya ta Mika'ilu Maƙeri

Mika'ilu ɗan maƙera ne, jikan maƙera. Kakansa ya biyo ayarin fatake daga ƙasar Kano da uwar maƙera a bayan jaki, ya sauka Yola da niyyar yin damina guda yana gyara wa manoma fartanya, bai sake komawa ba. A Yolde Kohi aka haifi Mika'ilu. Ya tashi da Fulatanci a waje, Hausa a cikin gida, zuga-zugi kuma a hannu tun bai kai tsawon masabar ubansa ba. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka ɗebi samarin gari yana cikinsu, jirgin ruwa ya kai su ƙasar Bama. Da hafsoshi suka gane maƙeri ne sai suka tura shi wajen masu gyaran bindigogi. Shi ya sa in aka tambaye shi labarin fagen fama yakan ce shi dai da tsatsa ya yi nasa yaƙin.

Bayan an ajiye makamai, suna zaman jiran jirgin gida, aka kawo fursunonin Japan suna share harabar wurin aikinsu. A cikinsu akwai wani gajeren mutum mai furfura, wanda kullum yakan tsaya da tsintsiya a hannu yana kallon yadda Mika'ilu ke goga ƙarfe. Da guntun Turancin barikin da kowannensu ya tsinta, da zane a ƙasa, mutumin ya ba shi labarin wata tsohuwar bindigar ƙasarsu. Ita ba ƙanƙara ce ke tada ta ba, igiya ce mai cin wuta a hankali, in an ja kunama sai bakin igiyar ya sauka a kan albarushi. Turawan Fotugal ne suka fara kai ta wani tsibirinsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, maƙeran wurin suka kwaikwaya, abin da ya fi ba su wuya kuma shi ne sukurun da ke toshe gindin bututu. Wannan ya shiga ran Mika'ilu, don ya san irin wannan wahala. Mayaƙan sarakunansu, waɗanda ake kira samurai, suka mai da harbin nan ilimi mai malamai da ɗalibai, kowace makaranta da irin zamanta da irin riƙonta. Kakan kakan fursunan malamin harbi ne. Sai mutumin ya ɗauki sandar tsintsiyar, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya naɗe igiya a hannun hagu, ya kafa gindin sandar a kunci maimakon kafaɗa, ya ja numfashi ya tsaya cik. Mika'ilu ya ce bai taɓa ganin mutum ya natsu haka ba sai a sahun salla.

Ya dawo gida da igiyar kofur a hannun riga, ya koma maƙera, ya auri Hansai, 'yar wani manomi na Mbamba. Abincinsa dai fartanya ne da lauje da gyaran adakar maharba. Amma duk sanda aiki ya yi sauƙi sai ya jawo wani bututun sitiyarin mota da ya ajiye a bayan zuga-zugi ya yi ta gogewa, yana so ya mai da shi irin bindigar nan. Shekaru ya yi a kai. Sukurun nan na gindi ya ba shi wuya kamar yadda aka faɗa masa, abin kuma ya yi masa daɗi. Ƙotar ya sassaƙa ta gajera, daidai kunci. Igiyar kuwa ta auduga ce, Hansai ke kaɗa zaren, shi ya tufka, ya jiƙa a ruwan toka da ɗan albarushi, ya shanya a inuwa. In tana ci tana da wani wari nata, kamar tsumma na ƙonewa a jiƙe.

Kowace safiyar Juma'a yakan share bayan maƙera, ya shimfiɗa buzu, ya bi tsarin nan daga farko har ƙarshe da bindiga babu komai a ciki: a zuba, a danna, a rufe, a hura igiya, a maƙala, a durƙusa, a buɗe, a ja numfashi. Ba ya tsallake ko ɗaya, ba ya kuma yarda a kunna igiya sai an zo gurbinta. Abokinsa Jalo, maharbi, yakan zo musamman don ya zauna a kan turmi ya yi kallo.

"Kofur, wannan bindiga naka, kafin ya tashi ai biri ya yi jika."

"Taka mai saurin fa, sau nawa na ɗinke mata baki?"

"Ni dai nawa yana kawo nama. Naka me ya taɓa kawowa?"

"Hankali," in ji Mika'ilu, bai ko juyo ba.

A daminar shekarar samun 'yancin kai ne bindigar ta fita aiki. Shekarar da ta wuce Binuwai ya cika ya cinye musu shukar fadama, rumbu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka sosai. Abin da ya rage musu shi ne masarar da Hansai ta shuka a makare a gonar da ta gada a Mbamba. Ita za ta riƙe gidan har dawa ta nuna, ga 'ya'ya, ga tsohuwar Mika'ilu. Da masara ta fara fitar da gemu sai ga gwaggon birai daga dajin kudu, garke guda, da wani ƙaton namiji a gaba. Ba su san dare ba, da hantsi suke zuwa, su karya su gutsira su yar. Jalo ya ce zai zo ya tsare musu. Mika'ilu ya ce a gidan maƙerin bindiga ba a aron maharbi. Suka rufe maƙera suka tare a bukkar gona.

Ranar farko ya durƙusa a gindin wata tsamiya, igiya na hayaƙi a hannunsa, birai suka shigo babu ko ɗar. Ya bi tsarinsa bai gaggauta ba. Da bindigar ta tashi sai da tsuntsayen Mbamba kaf suka watse, hayaƙi ya rufe shi, kuncinsa ya kumbura har ya yi kwanaki yana tauna tuwo da gefe guda. Ƙaton namijin ya tsere yana jan ƙafa, sauran suka bi.

Daga ranar bai sake samun abin harbi ba. Kullum zai durƙusa tun safe, ya hura igiya, ya maƙala. Birai su zo bakin daji su hau dutse su zauna, su ɗaga hanci, su yi ta cire wa juna ƙwarƙwata daga nesa inda harsashi ba ya kaiwa, rana ta yi zafi su juya. Shi yana kallonsu, su suna kallonsa. Jalo ya baza a kasuwa cewa Kofur ya buɗe makaranta a Mbamba, ɗalibansa ma ba sa fashi.

Ana cikin haka, masara ta kusa isa karya, sai saƙo ya zo cewa ana neman duk mazan jiya a Jimeta, za su yi kwanaki suna gwajin fareti don ranar ɗaga sabuwar tuta. Mika'ilu ya fito da kakinsa daga akwati, ya kakkaɓe, ya shinshina, ya mayar.

"Ba za ni ba," ya ce wa Hansai. "In na ɗaga ƙafa yau, gobe kara za ki tarar."

Hansai tana tsince wake a faifai. Tare da ita akwai Keturah, maƙwabciyarta ta gona, mutuniyar wajen Numan wadda mijinta masinja ne a Jimeta.

"Maigida, ka tafi faretinka. Bar mini igiyar kawai."

"Igiya ba bindiga? Me za ki harba da ita?"

"Kai me ka harba tun ranar nan?"

Keturah ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ta ce, "Baba Kofur, ni na lura. Ran da iska ya kaɗo warin igiyanka zuwa gonana, ba su shiga mini. Ran da ya juya, ni da bugun gwangwani ne har la'asar. Adda Hansai ta faɗi gaskiya, hanci ne ke tsare su."

Mika'ilu shi ma ya daɗe da lura, bai dai so a faɗa a gabansa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne a kunna igiya haka kawai, ba a zuba ba, ba a danna ba, ba a durƙusa ba, kamar mai kunna taba.

"Ba haka aka koya mini ba," ya ce. "Ita igiya tana da gurbinta. Ta huɗu ce."

"To birai sun ƙirga ne?" in ji Hansai. "Ni na kaɗa zaren nan, ban taɓa tambayar ka ladan hannu ba. Yau ina tambaya."

Ya tashi ya zaga gonar shi kaɗai. Ya ɓare zangarniya ɗaya, ya danna ƙwayar da farce, ya ga saura kaɗan ta bushe. Da ya dawo sai ya ce ya yarda, amma sai an koya yadda ya kamata. Ya zaunar da su biyun a kan buzu, ya nuna musu yadda ake fasa bakin igiya, da yadda ake hura ta a hankali har ta yi jan ido ba harshen wuta ba, da yadda ake kaɗe toka da yatsa. Ya sa suka maimaita har Keturah ta ce ko a ajin baftisma ba a tsananta mata haka ba. Hansai ta tattaro fasassun tukwane, aka kifa su a kan duwatsu a kusurwoyin gona ta gefen daji, za a riƙa ajiye igiya mai ci a ƙarƙashinsu don kada ruwa ya kashe wutar ko ta kama ciyawa. Ya tufka igiyoyi har tafin hannunsa ya yi ja, sannan ya naɗe bindigar a bargo, ya hau keke.

A Jimeta ya yi faretinsa da lambobinsa a ƙirji, cikin tsofaffin abokan Bama waɗanda tumbi ya hana wasunsu ɗaura bel. Ya sara wa sabuwar tuta. Amma da aka sallame su bai tsaya cin shinkafar biki ba, ya kama hanyar Mbamba da kakin a jikinsa.

Tun daga nesa ya hango mata a gona da kwanduna. Kusurwar gabas ta tafi, don wani ruwan safe ya shiga ƙarƙashin tukunya ya kashe igiyar, birai kuma ba su yi jinkiri ba. Wajen kunya goma sun zama kara. Sauran gonar tana tsaye, an ma karya fiye da rabi, an tara a gaban bukka. Jalo na zaune a kan tulin yana gasa guda biyu.

"Kofur, sannu da yaƙi. Na zo in ga sabon maharbin Mbamba ne, ashe zane yake ɗaurawa."

Mika'ilu ya jingine keke, ya je ya duba tukunyar gabas, ya ce an kifa ta a karkace. Hansai ta ce iska ce. Ya ce a karkace dai. Sannan ya cire takalman soja ya ɗauki kwando.

Masarar ta kai su har dawa ta nuna, da ragowar da aka yi wa tsohuwa kunu. Daga shekarar matan Mbamba suka riƙa zuwa maƙera neman igiya in masara ta fitar da gemu, shi kuma ba ya ba wa kowa sai ta zauna a buzu ta koyi hurawa. Sau ɗaya a damina yakan je ya durƙusa a gindin tsamiya ya tada bindigar, don birai masu tasowa su san abin da warin yake nufi. Har zamanin Jihar Arewa maso Gabas yana yin haka, lokacin da gwiwa ta fara ƙi, sai Hansai ta riƙe masa kafaɗa kafin ya miƙe.